Jirgin Nutson Masta Wahabu

Wahabu kafinta ne a Zangon Kumasi. Duk wanda ya taɓa kai ɗansa makarantar kwana daga unguwar ya san rumfarsa, don shi ke ƙera akwatunan filawud ɗin nan da ɗalibai ke cikawa da gari da yajin shito da sukari. Masta ake ce masa. Kakansa fataucin goro ne ya kawo shi daga Dosso, amma shi a Kumasi aka haife shi, kuma har ya yi furfura ko iyo bai iya ba.

Matarsa Najiba ita ce mai tafiye-tafiye. Busasshen kifi take sarowa daga ƙauyukan bakin tafkin Volta, ta biyo ta garin Yeji ta kawo kasuwa. Mace ce mai surutu da dariya. In ta dawo gida sai ko'ina ya ɗauki ƙarnin kifi da hayaƙi, shi kuma ya yi ta mita wai ta ɓata masa katako. Wata damina kwalekwalen da ta shiga ya yi lodi fiye da kima, iska ta taso, ya daki kututturen itace a ƙarƙashin ruwa ya kife. An tsamo wasu da rai, an tsamo wasu gawa. Ita ba a gan ta ba.

Liman ya yi mata salla ba gawa, aka yi sadaka, jama'a suka watse. Wahabu bai yi kuka a gaban kowa ba. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, shi yake ta maimaita wa 'yarsu Fadilatu: "Ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da zan je in tsaya a kai. Uwarki tana can kwance cikin sanyi."

Wata rana wani da ya zo karɓar akwati ya nuna masa bidiyo a waya, na wani Bature da ya ƙera ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa a bayan gidansa. Mutumin don a yi dariya ya nuna masa, amma Wahabu bai yi ba. Ya roƙa a sake kunna masa, ya sake roƙo, har mai wayar ya gaji.

Daga nan ya fara. Ya je kasuwar katako ta Sokoban ya zaɓo filawud mafi kauri, ya lanƙwasa shi da ruwan zafi, ya haɗa da gam da ƙusa, ya shafe mahaɗan da kwalta. Ya yanko gilashin tsohuwar mota ya yi taga, ya sa tiyo mai tsawo na shaƙar iska, ya ɗaure tocila a goshin jirgin. Abin ya fito kamar ƙatuwar ganga mai tsinin baki, daidai mutum ɗaya a kwance rub da ciki. Masu wucewa suna tsayawa su leƙa. Wata tsohuwa Ba'ashantiya har tambayarsa ta yi da yarensu na Twi ko akwatin gawa ne na sayarwa, don ya yi mata kama da kifi, ga shi mahaifinta masunci ne kuma jikinsa ya yi tsanani.

Ƙanin Najiba, Abdulnasir, direban ƙaramar motar kaya ne. Ya yi ta ba shi baki bai ji ba, ƙarshe ya ce, "Yaya, in dai sai ka shiga, to gara ina riƙe da igiya." Suka ɗora jirgin a mota suka nufi tafkin Bosomtwe don gwaji, tunda shi ya fi kusa.

Da farko jirgin ƙin nutsewa ya yi. Ya yi ta yawo a saman ruwa kamar ƙwarya, masunta suna riƙe ciki don dariya. Suka koma, Wahabu ya samo tsofaffin ƙarafunan mota a Magajin, unguwar makanikai, ya ɗaure su a ƙasan jirgin, suka sake zuwa. Wannan karon ya nutse. Wahabu yana kwance a ciki yana jin katakon yana kuka ta kowane gefe, ta taga kuma ba ya ganin komai sai kore-kore mai duhu. Bai yi nisa ba mahaɗar gefen hagu ta tsage, ruwa ya feso masa a fuska, tiyon ya cika. Abdulnasir da masuntan suka ja igiya da ƙyar suka fito da shi, ya sha ruwa, jini na fita ta kunnensa. Tun daga ranar kunnen hagu bai ƙara ji ba.

A asibiti Fadilatu ta zauna a gefen da yake ji, ta ce, "Baba, ruwa ya ci mini uwa. Kai ma so kake ka ba shi kanka? Ni wa za ka bar mini?"

Ya ce, "Gam ɗin ne ba shi da kyau. Na san inda na yi kuskure."

Yana warkewa ya koma kan jirgin. Ya ninka katakon, ya sa masa haƙarƙari daga ciki. Lokacin komawa makaranta ya zo, iyaye suka zo neman akwati, ya ce su dawo, suka dawo ba a yi ba, suka koma wajen wasu kafintocin. Fadilatu ce ke aiko masa da abinci daga gidan mijinta a unguwar Aboabo, wani lokaci kwanon ya koma yadda ya zo.

Da ya ce jirgin ya shirya zuwa Yeji, Abdulnasir ya ce, "Yaya, mu je mu biyu tukuna, ka ga wurin da idonka. In ka gani ka ce a kawo jirgi, wallahi ni zan kawo shi."

A Yeji suka samu wani dattijo mai kwalekwalen inji wanda yana cikin waɗanda suka yi ceto ranar haɗarin. Ya ɗauke su, suka yi ta tafiya har gaɓa ta zama zare. Busassun itatuwa sun fito da kawunansu daga ruwa ko'ina. Can dattijon ya kashe inji.

Wahabu ya ce, "Nan ne?"

Dattijon ya ɗaga hannu ya zagaya da shi daga gabas har yamma. "Nan ne, ko can gaba, ko bayan itatuwan can. Alhaji, ruwan nan yana hawa yana sauka, yana tafiya da abin da ke cikinsa. Ƙasansa daji ne a tsaye, ga tsofaffin komaye sun sarƙe, ga laka. Ɗan'uwana ma yana ciki."

Wahabu ya naɗe hannun riga ya tura hannunsa cikin ruwan. Kafin ya kai gwiwar hannu ya daina ganin yatsunsa. Ya bar hannun a ciki, ya daɗe a haka, kwalekwalen yana lilo. Sannan ya karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, su biyun suka shafa tare da shi. Suka kamo hanyar Kumasi.

Bai ce a kawo jirgin ba, bai kuma ƙara taɓa shi ba. Ruwan sama ya yi ta dukansa a bayan rumfa har katakon ya kumbura ya fara ɓarewa, mai gidan da rumfar ke jikinsa ya sa aka farfasa shi aka kwashe. Aikin kafinta ma bai koma ba. Fadilatu ta zo ta tattara kayansa ta kai shi Aboabo, suka ba shi ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofa.

Yanzu yawanci a dakalin masallacin layinsu yake wuni. In ka gaishe shi ta hagu ba zai ji ba, sai ka zagayo. Kwanan baya ladan ya roƙe shi ya duba musu bencin alwala da ƙafarsa ta karye. Wahabu ya sunkuya ya girgiza ƙafar, ya ce ƙusa ce ta yi tsatsa, su nemi kafinta.