Matar da ke Takaba a Cikin Kwamfuta

A shekarun da kuɗin fetur suka yi yawa a hannun gwamnati, har masu albashi suka fara sauya babura, ƙanena ya sayi kwamfuta irin wadda ake ninkewa. Da ya zo hutu daga makaranta sai ya bar ta a gidanmu na Faskari ya wuce Ƙanƙara wajen iyayenmu. Ya ce ranar kasuwar Yankara zai biyo ya ɗauki abarsa.

Akwai wani gem a ciki, wato wasan kwamfuta. Kai ne ɗan sandan ciki, an tura ka wani tsohon gidan Turawa inda aka tsinci gawar maigidan a ƙasan matakala. Fatalwarsa na yawo a gidan tana kuka, kuma ba za ta kwanta ba sai an gano wanda ya kashe shi. Na san mamaci ba ya yawo, na karanta tauhidi tun ina 'yar Islamiyya. Amma kukan nan ya tsaya mini a rai.

Maigidana Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, Turancinsa bai wuce na kan buhu ba. Da farko ya ce wasan yara ne. Bai yi kwana biyu ba ya zama shi ke tayar da janareto bayan la'asar yana ƙwala mini kira.

“Tafinta! Zo ki gaya mani mi wanga mai gemun ke faɗi.”

Ni ke karanta maganganun mutanen cikin wasan ina mayarwa Hausa, shi kuma yana riƙe da linzamin da ake tura ɗan sandan da shi. Surukata Hajiya, wadda ta zo daga Sabuwa ganin likitan ido, tana gefe da carbinta. Ta ce ba kallo take ba. Sai dai duk sa'ad da kyandir ya mutu a cikin gidan Turawan, ita ke fara a'uziyya.

Alhaji ya iya bincike, wannan kam ba zan tauye shi ba. Mutumin da ke gane masarar bara daga ƙanshi, aljihun tebur ba zai gagare shi ba. Ya binciki madafa, ya shiga rumbun giya yana toshe hanci, ya tsare kuku da tambayoyi har na ji tausayin bawan Allah. Kowace ƙofa ya zo sai ya yi sallama, ya ɗan dakata, sannan ya tura.

Aka zo ɗakin ƙarshe a saman bene. Na karanta masa cewa nan ne ɗakin matar mamacin, tana ciki da baƙaƙen kaya tun ranar da aka binne mijinta.

Alhaji ya saki linzamin.

“Takaba take?”

“Alhaji, Turawa ne fa.”

“Ba mijinta ya rasu ba? To ƙato da ni ba ni faɗa wa mai takaba har uwar ɗaki in yi ta ɗaga mata katifa. Ta fito falo da mayafinta mu yi magana.”

Matar dai ba ta fitowa, haka aka gina wasan. Ya koma ya sake bincikar kuku. Ya binciki mai ban ruwan fulawa. Fatalwa na ta kuka, ranar kasuwa na matsowa, ɗan sanda na tsaye bakin ƙofa da hularsa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa aka manta da shi.

Ana gobe kasuwa na ce masa, “Idan aka ɗauke kwamfutar nan, shi ke nan fa, mamacin nan bawan Allah haka zai dawwama yana kuka.”

Hajiya ce ta raba gardamar. Da yake shi ne ɗanta na fari ba ta kama sunansa, sai ta dubi bango ta ce, “Wani dai ya cika taurin kai. Ba hannu ke tura mutumin ba? A ba ɗiyata ta riƙe. Mace ce ta shiga wajen mace.”

Alhaji ya juya maganar a ransa. Can ya miƙo mini linzamin, ya ɗauki buzunsa ya koma zaure, wai kada idonsa ya gane masa abin da bai halatta ba.

Na yi sallama na shiga. Matar na zaune gaban madubi. Ina taɓa madubin sai ga fuskar mamacin a ciki, fara fat, yana nuna agogon bango. Na kurma ihu, carbin Hajiya ya faɗa cikin kwanon fura. Alhaji ya rugo da gudu, amma da ya iso ƙofa sai ya juya mana baya.

“Mi ya faru? Ku yi magana mana!”

Na buɗe cikin agogon. Kwalbar guba ce, naɗe a cikin safar hannun matar. Ta tashi tsaye ta amsa laifinta da bakinta, ina fassarawa. Fatalwar ta yi haske ta ɓace, tsuntsaye suka fara kuka a lambun. Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba.

Hajiya ta tsamo carbinta tana yarfewa. “La'ilaha illallahu. Wagga da aka yi ta jin kunyarta, ashe ita ta aika shi!”

Alhaji, har yanzu bayansa muke gani, ya gyara zaman hularsa.

“Ko ita ta kashe shi, Hajiya, takaba dai takaba ce. A kai ta gaban alƙali in ta gama.”