Malam Almu da Faifan Hajjo

Malam Almu na Ƙofar Kaura ba ya fara aiki sai hantsi ya ɗaga. Yakan shimfiɗa gutsattsarin silikon da ake kawo masa daga Legas, shuɗɗa, sirara kamar ɓawon ƙwai, ya auna kowanne da mita a rana, ya jera su, ya haɗa da dalma, ya rufe da gilashi. Farantin sola ke nan. A watan nan zai rufe shagon, don idonsa ya daina ganin siraran wayoyin aikin.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, wani makiyayi, Hamman, ya sayi faranti don cajin batirin rediyonsa, yana son jin rantsar da farar hula. Sau biyu yana dawo da shi, wai ba ya aiki. Almu ya auna, lafiya lau. Hamman kuwa ya shiga baza wa 'yan'uwansa cewa kayan Almu gilashi ne kawai, alhali makiyaya ne rabin masu saye a wurinsa.

Almu ya hau keke har rugar su Hamman. Ya tarar da Hajjo, matar Hamman, ta ajiye farantin a inuwa, ta rufe shi da faifanta mafi kyau, yadda take rufe ƙwaryar nono. A ganinta, abu mai daraja ba a barin sa a rana. Ga Hamman tsaye, ga maƙwabta, kowa na jiran a faɗi mai laifi.

"Malam, mi ka gani?" in ji Hamman.

Kalma ɗaya ta isa ta wanke sunan Almu, a yi wa matar dariya har kasuwa.

"Kuskurena ne," in ji Almu. "Wannan da na haɗa bai son inuwa, ban kuwa gaya maku ba. Hajjo, ki riƙa shanya shi kamar gero."

Rediyo ya yi magana ran rantsuwa. Amma wasu makiyayan ba su sake taka shagonsa ba, tunda da bakinsa ya amsa kuskure. Bai taɓa gyara zancen ba. Hajjo ce ta ba da labarin bara, ta ce tun a ranar ta gane asiri ya rufa mata.

Malam, kai ne ka san sunanka zai ɓaci, ka bar shi ya ɓaci. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ranar da gaskiya take hannunku, ku fara duba wanda za ta kunyata kafin ku buɗe baki.