Gardin Bakin Hanyar Dogo

Nomau tsohon soja ne. Da ya dawo Damagaram daga yaƙin Nasara, da ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, aka ba shi jar hula aka sa shi cikin gardawa, wato 'yan sandan kwamandan Nasara. Gidansa yana Zango, shi da matarsa Zuliha. Allah bai ba su haihuwa ba.

A shekarun nan gyaɗa ta yi daraja, manoma suka fara sayen keke. Motocin gyaɗa kuma suka cika hanya, suna ture masu keke da almuru. Sai aka yi shela cewa duk wanda ya hau keke bayan faɗuwar rana ba fitila, za a karɓe keken. Aka ajiye Nomau a bakin hanyar Dogo. Mutanen ƙauye ba su yarda don lafiyarsu aka yi dokar ba. Sun ga harajin lanho, sun ga aikin dole, suka ce wannan ma wata dabarar ƙwace ce. Fitilar keke kuwa sai a kantin Nasara, ba kowa ke iya sayenta ba. Saboda haka in sun makara a kasuwa sai su bar hanya su bi ta cikin duwatsu.

Wata ranar Alhamis bayan magariba, Nomau ya hango wani ya taho. Ya ɗaga fitilarsa. Mutumin na ganin jar hula ya karya kan keke ya yi daji, can sai aka ji faɗuwa. Nomau ya bi sawu ya same shi a ramin da ake haƙar ƙasar gini, kafaɗa ta goce, buhun gishirinsa ya fashe. Sunansa Habu, manomi ne daga Dogo. Bai yi kukan kafaɗar ba, roƙo yake kada a raba shi da keken, noman damina biyu ne.

Nomau ya ɗora shi a kan keken ya tura har Zango. Zuliha ta dama kunu, aka kira mai ɗori. Habu ya yi kwanaki a zaure, kullum idonsa na kan keken da ke jingine, yana jiran ranar da za a kai shi bariki. Ranar da ya samu sauƙi Nomau ya miƙa masa kekensa, har ya sa an gyara ƙafar gaba.

"Ranka ya daɗe, me zan ba ka?" in ji Habu.

"In ka sake makara, kada ka bi duwatsu. Ka zo wurina."

A daren Nomau ya gaya wa Zuliha cewa abin na damunsa, an sa shi tsare rayukan mutane, ga shi tsoronsa na neman kashe su. Ta ce to ai zauren yana nan, ba kowa a ciki.

Daga nan aikinsa ya sake. Wanda ya zo ba fitila, Nomau zai tsayar da shi, ba zai bar shi ya wuce ba ko da zai yi rantsuwa da kabarin ubansa. Amma maimakon bariki sai ya ce ya tura keken zuwa Zango, ya tambayi gidan Zuliha, da asuba ya kama hanya. Da farko mutane sun ɗauka tarko ne. Habu ne ya riƙa bi kasuwa-kasuwa yana nuna kafaɗarsa yana ba da labari. Sannu a hankali, ranar kasuwa sai ka ga kekuna jere a ƙofar gidan. Zuliha ta sayi babbar tukunya. Baƙin kuma ba sa zuwa hannu sake, wani da damin gero, wani da zabuwa, wani da ƙwaryar nono. Suna ce mata Inna, har waɗanda suka girme ta. Ta san wanda matarsa ke da ciki, ta san wanda ba ya cin kuka.

Shugabansa ya sha yi masa faɗa cewa ba ya kawo kamu. Nomau sai ya ƙame ya sara, ya ce hanyarsa lafiya lau. Har ya tsufa ba a ƙara masa galon muƙami ba.

Da aka samu mulkin kai, wasu samari suka cire fitilunsu, suka ce dokar Nasara ta bi Nasara. Nomau ya tare su kamar kullum. Ɗaya ya ce, "Baba, ba ka ji an ba mu ƙasarmu ba?"

"Na ji, har na yi rawa. Amma direban gyaɗa bai ƙara ido ba. Ku wuce gida, Inna ta yi tuwo."

Suka yi dariya suka bi shi.

Sabon shugaban da aka kawo ɗan ƙasa ne. Ya saurari Nomau da kyau, ya yi alkawarin za a kawo fitilu masu sauƙi a sayar wa talakawa. Har Nomau ya ajiye hula ba su iso ba. Wanda ya gaje shi mai kamu ne, wasu suka koma bin duwatsu, wasu kuma suka riƙa wucewa gidan Inna a Zango tun rana ba ta faɗi ba.

Da idon Nomau ya fara rauni, Habu ya zo da amalanken shanu ya ce gari ya ishe su haka. Ya kwashe su zuwa Dogo, ya yanka musu gona a bayan gidansa, ya ba Zuliha 'yarsa Wasila ta riƙa. Nomau ya yi damina shida a can. Gero bai taɓa yi masa kyau ba, don bai iya noma ba, amma wakensa kan yi, kuma Zuliha ce ta aurar da Wasila.