Zarah Ta Tafi Tallinn da Maƙwabciya

Karimatu 'yar Tudun Wadan Zariya ce. Karatun miji ya kawo ta Landan. Da auren ya mutu shi ya koma gida, ita ta zauna da 'yarta Zarah a wani flat a Thamesmead. Ta sami aikin karɓar marasa lafiya a wani asibiti a Marylebone, bas da tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka riƙa cinye mata safiya da yamma. Maƙwabciyarta Amamata, 'yar zangon Kumasi, ita ke ɗauko Zarah daga makaranta, ta yi mata kitso, ta ciyar da ita. Karimatu ba ta taɓa fasa godiya ba.

Da Zarah ta girma ta kama aiki, hutunta na farko sai ta yi booking zuwa Tallinn, babban birnin Estoniya, ita da Amamata. A bakin Amamata ma Karimatu ta ji labarin.

Kullum da yamma su biyun suna kan shiri. Zarah ta gano gidan abincin halal, ta duba lokutan salla, don da bazara rana ba ta saurin faɗuwa a can. Ta koya wa Amamata sayen tikitin jirgin ƙasa na cikin gari a waya, ta sayo mata takalmi mai taushi saboda titunan tsohon gari duk duwatsu ne. Karimatu ta juya takalmin ta ce ai kalar ba ta tsofaffi ba ce. Amamata ta yi dariya, da Hausarta ta zango ta ce, "Yarinya nan ya san ƙafana."

Maganar ta sosa wa Karimatu rai. Ita ta haifa, amma anya Zarah ta san lambar takalminta? Rannan dai ta kasa haɗiyewa, ta tambayi 'yar ko uwarta ta mutu ne.

"Mama, ke na fara tambaya," Zarah ta amsa da Turanci, kamar kullum. "Kika ce kina da aiki."

Gaskiya ne, har ta manta. Washegari ta nemi hutu aka ba ta, amma fasfonta na Najeriya ne, sai da biza, kuma ranar ganawar bizar da ta samu ta faɗo bayan tafiyar. Su masu fasfon Birtaniya suka tashi abinsu.

Hotuna suka yi ta shigowa: ga Amamata a kan ganuwa, ga ta a bakin teku Zarah ta rungume ta. Karimatu takan buɗe su a bas, ta rubuta Masha Allah, ta kife wayar a cinya.

Da suka dawo, Amamata ta zo da kanta ta kawo mata gyalen ulu, ta zauna tana ba da labari har shayi ya huce. Karimatu ta yaba, ta raka ta bakin ƙofa. Tana rufewa ta juyo ta gaya wa Zarah cewa ba ta soke ganawar bizar ba, baɗi birnin Riga za su, can kusa da Estoniya, su biyu kawai. Zarah ta ce to, amma wa zai gaya wa Mma Amamata? Karimatu ta ce ba sauri ake ba.