Layi na Takwas

Na yi ritaya, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka yi tseren tace 'yan wasa a babban filin wasa na Kano ba. Tsakiyar shekarun 2000 ne, da rani, ana kwasar tumatir. Lokacin ina malamin wasanni a wata sakandare tsakanin Kura da Bunkure, ina mataki na takwas. Ina da ɗalibi mai suna Sabi'u, ɗan tseren mita ɗari takwas, wanda ban ga mai gudunsa ba a duk aikina. Na ɗaya da na biyu a ranar su ne za su tafi gasar matasa ta duniya. Gasar ta 'yan ƙasa da shekara ashirin ce, shi kuwa yana da sha tara. In ya rasa wannan, shi ke nan.

Mu ba mu da filin tsere. A gaɓar kanal ɗin ruwan noman rani muke atisaye, ni a kan keke riƙe da agogo, shi a ƙasa. Hanya ce miƙaƙƙiya, ba layi ba kwana.

Ga ƙa'idar, don waɗanda ba su sani ba. Wannan tseren zagaye biyu ne. Kowa yana farawa a layinsa, amma da an wuce kwanar farko sai duka su gangaro layin ciki, don can ne hanya ta fi gajarta. A mita ɗari huɗu ne ake zama a layi har ƙarshe. Na zana wa Sabi'u wannan a ƙasa da tsinke, ya ce ya gane. Na yi niyyar in nuna masa a filin da ƙafata.

Sai dai katin shiga fili guda ɗaya aka ba shiyyarmu, kuma jami'in wasanni na shiyya, Yallaɓai Tanko, ya rataya shi a wuyansa. Mutumin nan daga sashen ajiyar kaya aka juyo shi. Yana da usur da sabbin kayan gudu da tumbi ya hana su rufuwa, amma ban taɓa ganin ya yi sauri ba sai in an ce abinci ya iso.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni katin na minti goma in nuna masa inda zai gangaro."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mataki na nawa kake, Malam?"

Na faɗa masa.

"To hau sama ka zauna. Gudu ne fa, ba ilimin likita ba."

Daga sama ina hango shi ya dafa kafaɗar Sabi'u, yana nuna masa farin layi da yatsa yana girgiza kai. Har na ji daɗi, na ɗauka ko banza ya tambayi wani. Ƙuri'a ta ba Sabi'u layi na takwas, na can waje.

Aka harba bindiga. Suka wuce kwanar farko, bakwai suka gangaro ciki. Sabi'u ya ci gaba a layinsa shi kaɗai. Na miƙe ina kiran sunansa har muryata ta dushe, bai ji ba. Kowace kwana yana ƙara wa kansa tafiya, jama'a na dariya. Da aka shiga zagaye na biyu dariyar ta tsaya, domin a hakan ma ya fara wuce su ɗaya bayan ɗaya. Ya zo na uku. Taku biyu ne tsakaninsa da na biyu.

Na same shi a bakin ƙofa yana haki. Na ce, "Sabi'u, ba mu yi da kai za ka gangaro ba?"

Ya ce, "Mun yi, Malam. Amma Yallaɓai ya ce in na kuskura na taka layin wani an kore ni. Shi ne babba. Kuma na ga maganar ta yi daidai, ko a gona ai ba ka tsallaka kunya ka shiga fangalin wani."

Yaron da ya tashi inda taka iyakar maƙwabci ke kai mutum gaban mai unguwa, an ce masa wannan layin naka ne. Me zai yi? Ni ma da nawa laifin, na yarda tsinke ya isa.

Yallaɓai Tanko kuwa ko kunya. A mota yana cewa, "Matsalar 'yan ƙauye ke nan, ba wayewa." Haka ya rubuta a rahoto, kuma aka karɓa, don ba wanda ya karanta da ya san bambancin ɗari huɗu da ɗari takwas.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, ba ƙafafu muka rasa ba. Suna nan birjik a gaɓar kanal. Masu rataya kati ne suka yi mana yawa. Bayan wata biyu tawaga ta tashi zuwa gasar duniya. Sabi'u yana gonar babansa yana dashen shinkafa. Yallaɓai Tanko yana cikin jirgi, a matsayin mai ba 'yan tsere shawara.