Sanyin da ba na esi ba

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau!

Kun san motata haibirid, mai batir da fetur. Kwamfuresar esinta, wato na'urar sanyaya mota, ta ƙone, na kai wa Malam Bukar bakanike a Gashua ya sauya. Da azahar na koma, yana masallaci, makulli na jiki. Na ɗauka an gama. Na ɗauko Inna, muka kama hanyar Nguru.

Sanyi kamar firji! Inna ta ce, "Kai Sani, rage abin nan, ƙasusuwana."

Na kashe. Sanyi ya ƙaru!

Muna shiga Jajimaji sai ga wayar Malam Bukar. "Alhaji, ina motar?"

Na ce, "Aiki ya yi kyau, har ya yi yawa."

Ya ce, "Wane aikin? Tsohuwar na cire, sabuwar ga ta nan a kwali."

Na faka, na buɗe bonet. Wayam! Wayoyi kawai ke lilo.

Inna ta fito tana salati. Yanzu muna gindin bishiya, makulli na hannuna, rana na dukan motar, amma raɓa ce ke gangarowa a gilashinta ta ciki.