Kawu Sale da Gashin Wutsiyar Shanu

Ku da kuka san Kawu Sale na Surko, ku faɗa min gaskiya, akwai wanda ya taɓa ganin ya gama cin tuwo a zaune? Loma biyu zai yi ya miƙe, ya leƙa garke, ya dawo, ya sake miƙewa. Ko gaisuwa ka zo, sai dai ka bi shi a baya kana “ina kwana” yana amsa maka da ƙeya. Fararen shanun nan nasa su suka hana shi sukuni. Ya haddace asalin kowace har kaka ta bakwai, amma 'ya'yansa sai ya kira suna uku kafin ya dace da wanda yake nema.

Abu ɗaya ne ba ya yarda da shi, wato baƙon bijimi. Shekara da shekaru bai bar bijimin kowa ya kusanci saniyarsa ba. “Jinin gidan nan ba ya son gauraye!” in ji shi. Maruƙan kuwa sai mutuwa suke yi, yana ɗora laifin a kan ciyawa.

Ni Dije, 'yar ƙanwarsa ce. Shekarar da nake binciken kammala jami'a, aikina tattara gashin wutsiyar shanunmu na gida daga Birnin Kudu zuwa Gwaram. A tushen gashin ake ciro DNA, wato ƙwayoyin gado, a duba alamomin da ke ciki a ga ko shanun garke sun bambanta da juna ko duk jini ɗaya ne. Na ce bari in fara da gida. Kai, ashe a nan zan fi shan wuya!

“Gashin wutsiya?” ya zaro ido. “Ke Dije, bokanci aka tura ki koyo? Wa ya aiko ki? Buba ne ko?”

Malam Buba na Dingaya abokinsa ne tun yarinta. Sun daina magana ne tun ranar da Buba ya ce a kasuwa, a gaban mutane, shanun Kawu sun fara ƙanƙancewa.

Kwana uku ina bin Kawu tsakanin rijiya da garke ina bayani. Da ƙyar ya amince, da sharaɗin shi zai tsiga da hannunsa. Ya miƙo min ambulan ashirin, kowace da gashin dabba ɗaya. Goma sha tara suka yi lafiya a ɗakin gwaji, ta bakwai ta ƙi fitar da komai. Mako biyu ban iya cin abinci ba, ina zaton ni na ɓata aikin, har malaminmu ya sa aka yi wani gwajin daban. Na dawo Surko raina a ɓace.

“Kawu, gashin ambulan ta bakwai ɗin nan na jaki ne!”

Mutumin nan ya yi tsalle kamar an ba shi kujerar Makka. “Allahu Akbar! Injin ya gane jakina Ɗan Duna? To yanzu na yarda da shi!”

Da sakamakon ya kammala, wallahi ban so kawo shi ba. Na same shi yana zagaye turke, na ce, “Kawu, shanunka kusan duk kamar uwa ɗaya uba ɗaya suke. In ba a shigo da wani jini ba, maruƙan za su ci gaba da mutuwa, garken ya ƙare.”

A daminar nan kaɗai maruƙa huɗu ya binne. Ya yi ta kai da komo, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. “Wato ni na yi musu haka?” Tausayinsa ya kama ni. Can ya ce, “A takardar taki, wane garke ne jininsa ya fi nisa da na nawa?”

“Na Malam Buba.”

“Ai na sani! Injin nan ɗan Dingaya ne!”

Washegari aka neme shi aka rasa. Malam Buba ne ya ba mu labari daga baya. Wai Kawu ya yi sallama a ƙofar gidansa, Buba yana fitowa Kawu ya ce masa, “Ba wajenka na zo ba, wajen sanka na zo.” Buba ya ce, “Ai shi ma ba ya magana da kai.” Da la'asar sai ga a-kori-kura ta shigo Surko, sa a tsakiya, tsofaffi biyu a gefe da gefe suna ta musun wa ya fara zagin wani.

Daga nan Kawu ya shiga lissafin watanni. Kullum sai ya shafa cikin karsanarsa da san Buba ya yi wa ciki ya ce, “Yi sauri mana!” A wata na bakwai zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar da karsanar ta haihu, ni da Malam Buba muna tsaye a garken. Maraƙar ta yi tangaɗi, ta miƙe, ta kama nono da ƙarfinta. Tsohon nan ya juya baya yana share ido da hannun riga, ni ma na kasa riƙe hawayena.

Kawu, ta rayu, kuma wasu na tafe. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.